Kurmin Bakin Kogi a Ƙasar Zazzau

Kurmi shi ne dajin nan mai duhu da sanyi da ke bin gefen kogi ko ƙorama, inda ƙasa ke riƙe laima har cikin bazara. A yankin Zariya, inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 1,000 daga Mayu zuwa Oktoba, ana samun irinsa a gaɓar Kogin Galma da rassansa, ciki har da Kubanni da ya ratsa Samaru. Sunayen garuruwa irin su Kurmin Kogi ta ƙasar Ikara na nuna yadda ya taɓa yawaita.

Itatuwan kurmi sun bambanta da na tudu. Giyayya da malmo suna jure ambaliya, saiwarsu ce ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye. Akwai ɓaure da kanya da ɗinya da tafashiya, sai kajinjiri da tukurwa, wadda daga gare ta ake samun gwangwalar rufin ɗaki da gado.

Maɗaci, wato Khaya senegalensis, shi ne babba a cikinsu, yakan kai mita 30. Masu katako na son jan icensa, masu maganin gargajiya kuma na sassaƙe ɓawonsa mai ɗaci don zazzaɓi da ciwon ciki. In aka sassaƙe shi zagaye, sai ya bushe a tsaye. Ƙungiyar IUCN mai kare halittu ta duniya ta sa shi cikin itatuwan da ke cikin haɗari, tare da itacen kawo. Madobiya, mai son tudun da ke kusa, ta fi su shan wahala: saran da aka yi mata don kai katako Sin ya sa aka shigar da ita yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, a 2017.

Abin baƙin ciki, kurmi ya zauna ne daidai inda manomi ke so. Noman rani na tumatir da rake da albasa ya cinye fadama har bakin ruwa. Masu itacen girki da gawayi da ɗiban yashi suka ƙarasa. Abin da ya rage yawanci yana inda aka killace ne, kamar gandun daji na gwamnati da lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Sashen nazarin tsirrai na jami'ar yana da ɗakin adana busassun samfura, inda masu bincike ke kai ganye ko fure a tantance musu sunansa.