Zazzaɓi bayan kimo: kada a kwana da shi a gida

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina. Maganar da na fi ji a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, wanda ake kira ICU, ita ce: "Sista, ai in aka shiga ɗakin nan ba a fitowa." Wani magidanci ya faɗa mini haka da asuba, yana zaune a kan tabarma da fulas ɗin kunu a gefensa, mahaifiyarsa mai sankarar mama tana ciki, zazzaɓi ya kama ta bayan an yi mata kimo, wato maganin ciwon daji mai ƙarfi da ake kira chemotherapy. Na ce masa, "Malam, yaushe zazzaɓin ya fara wa Hajiya?" Ya sunkuyar da kai, ya ce kwana uku ke nan. Sun ɗauka maleriya ce, suka sayo magani a kemis.

Wannan kwana ukun shi ne yake ci mini rai.

Kimo yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, amma yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta a jiki. Sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin. A wannan tsakanin, cutar da mai lafiya zai warke daga gare ta a tsaye tana iya shiga jinin mai kimo cikin 'yan sa'o'i. Hawan jini ya faɗi, ƙoda ta daina fitar da fitsari, numfashi ya gagara. Shi ya sa ka'idar likitoci ita ce a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarsa asibiti. Farasitamol kuwa ɓoye zafin kawai yake yi, cutar tana nan tana ci ta ciki.

Saboda haka ku ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Ya nuna digiri 38, ku taso, ko ƙarfe biyun dare ne. Haka in kun ga makyarkyata, ko haki, ko mara lafiyan ya fara sambatu, ko ya wuni bai yi fitsari ba.

Shi kuwa ɗakin, ba ɗakin jiran mutuwa ba ne. Iskar oksijin ce, da na'urar taya numfashi, da maganin ɗaga hawan jini da ake ɗigawa a hankali, da ma'aikaciyar da idonta ba ya barin gado ɗaya ko biyu. Aikinsa riƙe huhu da zuciya da ƙoda kafin magani ya ci ƙarfin cutar. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kowa ke fitowa ba, rai na Allah ne, kuma kuɗin da nauyi. Akwai ma wanda ciwonsa ya yi nisa, likita zai ce abin da ya fi masa shi ne a rage masa raɗaɗi yana tare da iyalinsa. Ku tambaya kai tsaye, haƙƙinku ne a yi muku bayani.

Tun da aka buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, masu karɓar magani a kusa da gida sun samu sauƙi. Wanda ke Daura kuwa, kada ya jira motar safe don tafiyar kusan kilomita 80. Ya fara zuwa babban asibiti mafi kusa. Ku riƙo katinsa mai ranar kimon ƙarshe, kuma tun daga bakin ƙofa ku ce: "Yana kan kimo, kuma yana zazzaɓi."