Waiwaye: yadda ƙauyuka suka daɗe suna zama garkuwar birnin Kano

Hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025 sun tayar wa mutanen birni hankali, har wasu na cewa baƙon abu ya shigo Kano. Wanda ya bi tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar nan ya san tun fil azal mutumin karkara ke fara shan duka kafin labari ya kai fada.

Birni ya samu kariya da wuri. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Kanajeji (1390–1410) shi tarihi ya ce ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Amma wannan kayan barade ne, masu doki. Dakaru masu kwari da baka yawancinsu manoma ne da ake tarawa da rani bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Ko yaƙin jihadi a karkara aka yi ta ta ƙare: a Ɗanyaya rundunar Sarki Alwali ta karye, aka bi shi har Burumburum aka kashe shi a 1807.

Ƙarni na 19 shi ne ya fi nauyi a wuyan talaka. Daga zamanin Ibrahim Dabo (1819–1846) sarakuna suka dage da kafa ribaɗi a bakin iyaka. Gwarzo da Ƙaraye suna tare mahara daga Maraɗi, Ɓaɓura tana fuskantar Damagaram, su Rano da Birnin Kudu da Gwaram kuwa suna fama da Ningawa masu saukowa daga duwatsu. Ribaɗi gari ne mai ganuwa, ga gwalalo a bayanta, ga sarƙaƙiya da doki ba ya iya ratsawa. Mayaƙa a nan suke zaune da iyalansu, suna noma tare da kowa. Gonaki ba sa nisa da ƙofa, domin da an hango ƙura sai a buga ganga, kowa ya kora dabbobinsa ya shige. Wanda ya makara a daji, shi ke nan, sai dai a ji an sayar da shi a wata kasuwa.

Gabas ma ba ta huta ba. Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya fatattaki rundunar taron dangi a Kafur, ya yi ta kai hari gabashin Kano har rasuwarsa a 1863 a yaƙin Bade. Sai Basasa ta 1893 zuwa 1895. Rigimar gadon sarauta ce tsakanin Sarkin Kano Tukur da Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu, amma a Takai aka yi sansani, a Garko Yusufu ya rasu, garuruwa irin su Gaya da Dutse suka ga wuta kafin Aliyu Babba, wanda ya jagoranci Yusufawa bayan rasuwar Yusufu, ya shiga birni.

Igwa ce ta kawo ƙarshen zamanin ganuwa. Turawa sun fasa Bebeji a kan hanya, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Haɗeja ta tsaya har Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙi tare da manyan mutanensa. Daga nan yaƙi ya koma nesa. Samarin ƙauye aka ɗiba ta hannun hakimai da dagatai zuwa Boma a yaƙin Hitila, 'ya'yansu suka yi yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970. A gida kuwa ganuwoyi suka zaizaye, aka haƙe ƙasarsu ana gini, gwalalo ya zama kududdufi.

Maharin yau a kan babur yake, da bindiga AK-47 da waya a aljihu, kuma ganuwar ƙasa ba za ta tare shi ba. Abin da ya dame ni shi ne mun bar dabarar ribaɗi ta tafi tare da ganuwar. Sarakunan wancan zamani sun ajiye mai tsaro a inda hatsarin yake, yana kwana tare da manomin da yake karewa. Yanzu ƙauyen bakin iyakar Katsina sai ya buga waya cikin dare, ya jira mota ta taso daga nesa a kan hanyar da ko da rana da ƙyar ake bin ta.