Tantance Zama Ɗan Ƙasa ga Masu Neman Tallafin Gwamnati a Amurka

Tantance zama ɗan ƙasa shi ne binciken da hukumomin walwala a Amurka ke yi domin tabbatar da cewa mai neman tallafi ɗan ƙasar ne, ko kuma baƙo ne da doka ta yarje wa cin gajiyar shirin. Binciken ya shafi manyan shirye-shiryen taimakon marasa galihu: Medicaid, wato inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, SNAP, tallafin sayen abinci, TANF, kuɗin agajin iyalai masu yara, da SSI, kuɗin da ake bai wa tsofaffi da naƙasassu marasa abin hannu. Gwamnatin tarayya ce ke shimfiɗa ƙa'idojin, amma ma'aikatan jihohi da na gundumomi ne ke zama da mai nema a mafi yawan shirye-shiryen.

Tushen doka

Gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1868, shi ne ya kafa tushen cewa wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Ana kuma samun matsayin ta hanyar iyaye 'yan ƙasa, ko ta neman zama ɗan ƙasa bayan shekarun zama bisa izini.

A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar gyaran shige da fice, wadda ta wajabta wa wasu shirye-shirye duba matsayin baƙi ta tsarin SAVE. Tsarin, wanda yanzu ke hannun USCIS, hukumar kula da zama ɗan ƙasa da shige da fice, yana bai wa ma'aikacin walwala damar shigar da lambar takardar baƙo a kwamfuta ya ga abin da kundin shige da fice ya ce game da shi. SAVE ba ya yanke hukuncin cancanta. Matsayin mutum kawai yake faɗa, hukuncin kuwa na hukumar da ke bayar da tallafin ne.

Babban sauyi ya zo da dokar gyaran walwala da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ranar 22 ga Agusta, 1996. Ita ta raba baƙi gida biyu, waɗanda suka cancanta da waɗanda ba su cancanta ba, ta kuma tilasta wa galibin masu katin zama na dindindin da suka shigo daga wannan rana su jira shekara 5 kafin su nemi manyan tallafin tarayya. An keɓe 'yan gudun hijira da waɗanda aka bai wa mafaka daga wannan jira, kodayake wata dokar haraji da kasafi ta Yulin 2025 ta taƙaita rukunan baƙin da za su ci SNAP da Medicaid. Wanda ke zaune ba bisa izini ba kuwa, ba ya cikin waɗannan shirye-shirye, sai dai jinyar gaggawa, ciki har da haihuwa.

Daga rantsuwa zuwa takarda

Shekara da shekaru, ɗan ƙasa mai neman Medicaid sa hannu kawai yake yi a kan cewa shi ɗan ƙasa ne, da sanin cewa ƙarya a nan laifi ce mai hukunci. Ba a neman takarda sai idan ma'aikaci ya ga dalilin shakka. Dokar rage giɓin kasafi ta 2005, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Fabrairun 2006, ta kawo ƙarshen wannan. Daga 1 ga Yuli, 2006, sai mai nema ya kawo shaida a rubuce. Fasfo ko takardar zama ɗan ƙasa sun wadatar su kaɗai. Wanda ba shi da su sai ya haɗa biyu: takardar haihuwa, da wata shaidar da ke nuna shi ne mai wannan suna, kamar lasisin tuƙi. Da farko ma ba a karɓar kwafi, sai ainihin takardar ko wadda hukumar da ta bayar ta tabbatar.

A nan ne matsalar ta fito fili, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Masu goyon bayan dokar sun ce manufarsu ita ce hana baƙi marasa izini cin dukiyar masu biyan haraji ta hanyar da'awar ƙarya, kuma kare kuɗin jama'a haƙƙi ne a kan kowace gwamnati. Sai dai nauyin ya faɗa kan 'yan ƙasa na haƙiƙa. Talaka ba kasafai yake da fasfo ba, domin ba ya zuwa ko'ina. Akwai tsofaffin baƙaƙen fata na jihohin Kudu da ungozoma ta karɓi haihuwarsu a gida a zamanin wariyar launin fata, ba a taɓa yi musu rajista ba. Akwai marasa matsuguni, da matan da suka tsere wa dukan miji ba su ɗauki komai ba, da waɗanda guguwar Katrina ta 2005 ta lalata wa takardu. Neman sabuwar takardar haihuwa daga wata jiha na cin kuɗi da makonni, kuma sau da yawa ofishin da zai bayar sai ya nemi katin shaida mai hoto, wanda shi ma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Mutum na iya rasa maganin ciwon suga yana cikin wannan kai-komo.

A 2007 ofishin binciken ayyukan gwamnati, GAO, ya ba da rahoton cewa jihohi 22 daga cikin 44 da suka amsa tambayoyinsa sun ga raguwar masu Medicaid saboda sharaɗin, kuma galibinsu sun danganta raguwar da mutanen da alamu suka nuna 'yan ƙasa ne.

Sassauci da amfani da kwamfuta

An keɓe masu Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi da wasu naƙasassu, da masu karɓar SSI daga sharaɗin, tunda an riga an tantance su, haka ma yaran da ke hannun riƙon gwamnati. Dokar inshorar lafiyar yara ta Fabrairun 2009 ta ƙara gaba: ta bai wa jihohi damar aika suna da lambar Social Security ta mai nema, wato lambar shaidar da gwamnatin tarayya ke bai wa mutum, ga hukumar da ke riƙe da waɗannan lambobi, idan bayanan suka dace shi ke nan, babu neman takarda. Ta amince da takardun ƙabilun 'yan asalin nahiyar Amurka da tarayya ta san da zamansu, ta kuma ɗauki jaririn da uwarsa ke kan Medicaid lokacin haihuwa a matsayin wanda ya cika sharaɗi. Idan bayanai suka saɓa, ana bai wa mutum kwana 90 ya kawo hujja, kuma ana ci gaba da kula da lafiyarsa a tsawon lokacin. Wannan ita ce hanyar da ta fi adalci, domin gwamnati ce ke duba kundin da ke hannunta maimakon ta aiki mara lafiya neman abin da ta riga ta mallaka. Dokar lafiya ta 2010 ta faɗaɗa irin wannan dubawa.

SNAP bai bi sahun Medicaid ba. A ƙa'idar tarayya, furucin ɗan ƙasa ya isa sai idan akwai abin tuhuma, kuma launin fata, ko karin harshe, ko suna ba sa zama dalilin tuhuma.

Jihohi da iyalai masu matsayi daban-daban

Wasu jihohi sun yi nasu dokokin. Masu zaɓe a Kalifoniya sun amince da ƙuduri na 187 a 1994, mai hana baƙi marasa izini tallafin gwamnati, amma kotun tarayya ta dakatar da mafi yawansa. Arizona ta amince da ƙuduri na 200 a 2004, mai wajabta tantance matsayin masu neman wasu tallafi, Kolorado da Jojiya kuma suka kafa nasu sharuɗɗan a 2006.

Abin da ya fi wuya a aikace shi ne gidan da yara 'yan ƙasa ne, iyaye kuwa ba su da izinin zama. A 2000 ma'aikatun lafiya da na noma na tarayya sun shawarci jihohi da su tambayi matsayin wanda ake nema wa tallafin kawai, ba na kowa da ke gidan ba. Duk da haka iyaye da yawa kan ƙaurace wa ofishin walwala don tsoron a miƙa bayanansu ga jami'an shige da fice, sai yaron da doka ta ba shi haƙƙin abinci da magani ya tashi ba tare da an taɓa cike masa fom ba.