Dürnstein, garin inabi da afirikot a kwarin Wachau

Dürnstein ƙaramin gari ne a jihar Ostiriya ta Ƙasa, cikin ƙasar Ostiriya, a gaɓar arewa ta kogin Danub, kimanin kilomita 80 yamma da Biyana, babban birnin ƙasar. Yana cikin kwarin Wachau, wato tsawon kogin da ke tsakanin garuruwan Melk da Krems, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mazauna garin, har da na ƙauyukan Oberloiben da Unterloiben, ba su kai 1,000 ba. Tsohon garin titi ɗaya ne dogo da 'yan lunguna, dutse ya matse shi ta baya, kogi ta gaba. Abin da ke kewaye da shi gonakin inabi ne da lambunan afirikot, ɗan itacen nan da Larabawa ke kira mishmish.

Tarihi

Zuriyar Kuenring, masu sarautar yankin, ce ta gina gidan sarauta mai ganuwa a kan dutsen da ke saman garin, wajen tsakiyar ƙarni na 12. Abin da ya fito da sunan wurin shi ne tsare Sarkin Ingila Richard na Ɗaya. A lokacin yaƙin da Turawa suka yi da Salahuddin Al-Ayyubi, Richard ya ɓata da Leopold na Biyar, mai mulkin Ostiriya, a birnin Akka a 1191. Ana cewa tutar Leopold aka cire daga ganuwa aka wulaƙanta. Da Richard ya kama hanyar gida, sai hali ya tilasta masa bi ta ƙasa a ɓoye. A watan Disamban 1192 aka gane shi a kusa da Biyana, aka kama shi, aka damƙa wa Hadmar na Biyu na gidan Kuenring ya tsare shi a Dürnstein.

Bai daɗe a nan ba. A watan Maris na 1193 aka miƙa shi ga Sarkin Jamus Heinrich na Shida, kuma sai a Fabrairun 1194 aka sake shi, bayan an yanke masa fansar azurfa mark 150,000 (mark ma'aunin nauyin azurfa ne). Rabon da Leopold ya samu ya shiga gyaran ganuwar Biyana da kafa garin Wiener Neustadt. Fafaroma ya kori Leopold daga coci saboda kama mutumin da ya dawo daga yaƙin addini, kuma ya mutu a ƙarshen 1194 bayan ya faɗo daga kan doki. Masana sun rabu kan ko a cikin ginin da ke kan dutse aka ajiye Richard ko a wani gida na daban. Labarin mawaƙin da ya bi gari gari yana rera waƙa har sarkin ya amsa masa daga kurkuku kuwa tatsuniya ce da ta ɓullo daga baya.

Kafin ƙarshen ƙarni na 15 Dürnstein ya riga ya samu matsayin gari. Sojojin Suwidin sun farfasa ginin dutsen a 1645, a ƙarshen Yaƙin Shekara Talatin, kuma tun daga nan ya fara zama kango. A ranar 11 ga Nuwamba 1805 aka gwabza a filin Loiben tsakanin rundunar Faransa ƙarƙashin Marshal Mortier da sojojin Rasha da Ostiriya ƙarƙashin Janar Kutuzov. Faransawa sun sha da ƙyar, kowane ɓangare kuma ya ce shi ya yi nasara.

Hasumiya mai launin shuɗi da fari da ake gani daga kogi ta gidan ibadar Kiristoci da aka kafa a 1410 ce. An sake gina gidan a farkon ƙarni na 18, an kammala hasumiyar wajen 1733, sannan Sarki Joseph na Biyu, mai mulkin Ostiriya, ya rufe shi a 1788.

Gonakin inabi

Gangaren duwatsun sun yi tsayin da ruwan sama zai kwashe ƙasar gaba ɗaya in ba a tare ta ba. Don haka tun ƙarnonin baya manoma suka yanka gangaren hawa hawa, kowane hawa da katangar dutse a gabansa. Ba a sa siminti ko laka a katangar. Duwatsun ake jerawa su riƙe juna, a karkatar da ita kaɗan ta jingina da tudu, a cika bayanta da tsakuwa. Amfanin wannan biyu ne: ruwa yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsun maimakon ya taru ya ture katangar, dutsen kuma yana shan zafin rana ya sake shi da dare. In aka toshe ramukan, ko aka bar saiwar itace ta kutsa, katangar takan kumbura ta zube bayan ruwa mai ƙarfi, sai an sake jera ta da hannu. A hawa mafi tsayi tarakta ba ta shiga, shi ya sa aikin hekta ɗaya a can yake cin ninkin na fili sau da yawa.

Iska mai ɗumi tana zuwa daga gabas, mai sanyi tana gangarowa daga dazukan arewa da dare. Wannan bambancin ne ke sa inabin ya nuna a hankali ba tare da ya rasa tsaminsa ba. Irin da aka fi shukawa farare ne guda biyu, Grüner Veltliner da Riesling. Duk Wachau tana da kimanin hekta 1,300 na inabi. Ƙungiyar manoman yankin, Vinea Wachau, wadda aka kafa a 1983, ta kasa giyarsu gida uku bisa yawan barasar da ke cikinta: Steinfeder ba ta wuce kashi 11.5 cikin 100 ba, Federspiel tsakanin 11.5 da 12.5, Smaragd daga 12.5 zuwa sama. Ana tsinke inabi da hannu daga Satumba, wani lokaci har a shiga Nuwamba.

Afirikot

Noman afirikot ya bunƙasa ne bayan ƙwaron filoksera ya cinye saiwar inabi a ƙarshen ƙarni na 19, manoma suka nemi abin da za su dogara da shi. Tun 1996 sunan Wachauer Marille, wato afirikot na Wachau, yake da kariyar Tarayyar Turai. Lambunan sun fi yawa a fili kusa da kogi, musamman a ƙetare wajen Rossatz, da kuma kewayen Spitz.

Itacen yana fure a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, kuma nan ne haɗarin yake. Dare ɗaya na sanyin ƙanƙara ya isa ya ƙone furen, amfanin shekara ya tafi. Wasu manoma kan kwana suna kunna wuta a tsakanin itatuwa. Ana tsinka a Yuli, cikin kusan mako uku, ana komawa itace ɗaya sau da dama don a ɗauki wanda ya nuna kawai. Kwandon gargajiya da ake kira Zistel yana da tsini a ƙasa, don kada nauyin na sama ya matse na ƙasa. Wanda ya nuna a kan itace ba ya jure ajiya fiye da kwana biyu zuwa uku. Mai saye ya duba hatimin ƙungiyar manoman a jikin kwali, domin akan sayar da na wasu wurare da sunan na Wachau.

Sanannen abincin da ake yi da afirikot Marillenknödel ne. A cire ƙwallon, a sa sukari mai ƙwaya a gurbinsa, a naɗe shi da kwaɓin cuku mai laushi ko na dankali, a dafa a ruwan da ke tafasa a hankali na minti 10 zuwa 15, sannan a mirgina shi cikin garin burodin da aka soya da man shanu. In ruwan ya tafasa da ƙarfi kwaɓin yakan fashe.

Ziyara

Daga tashar Franz-Josefs-Bahnhof ta Biyana jirgin ƙasa yana kai mutum Krems cikin kusan awa ɗaya, daga nan bas, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba. Jiragen ruwa na yawon buɗe ido suna zirga-zirga tsakanin Krems da Melk daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, akwai kuma ƙaramin jirgin fito zuwa Rossatz na masu tafiya a ƙafa da masu keke. Motar baƙi a wajen tsohon gari ake ajiye ta. In kogi ya cika, kamar yadda ya yi a 2002 da 2013, akan rufe hanyar bakin ruwa.

Hawa zuwa kangon yana cin minti 20 zuwa 30, ba a biyan kuɗi, amma matakalar dutsen tana santsi bayan ruwa, sai da takalmi mai riƙo. Daga hantsi zuwa la'asar titin garin cike yake da fasinjojin manyan jiragen ruwa. Wanda ya kwana a garin ya fita da sassafe shi ne ke ganinsa yadda yake. A hunturu yawancin masaukai da shaguna a rufe suke.

Gidajen manoma da ake kira Heuriger suna buɗewa na 'yan makonni bi da bi, alamarsu damin ganye a rataye a ƙofa. Wanda ba ya shan giya ya nemi Traubensaft, ruwan inabi zalla, ko Marillennektar na afirikot. Sturm da ake sayarwa lokacin kaka ruwan inabi ne da ya fara tsima, yana da barasa ko da ya yi zaƙi. Haka Marillenbrand da Marillenlikör, waɗanda barasar afirikot ce, kuma wasu cakulan da jam na shaguna ana zuba musu su, don haka a karanta takardar jikin kwalba. Farantin sanyi na waɗannan gidaje yawanci naman alade ne da kitsensa, ana iya neman na cuku da burodi kaɗai. Gonakin da hanyar ƙafa ke ratsawa duk suna da masu su, ba a tsinkar inabi ko afirikot, ba a kuma hawa katangun.