Dajin Epping

Dajin Epping tsohon daji ne a Ingila. Ya tashi daga arewa maso gabashin Landan ya miƙe cikin yankin Essex, tsawonsa kusan kilomita 19, girmansa kimanin hekta 2,400. Ƙasarsa tsakuwa ce da yumɓu, ba ta noma ba, shi ya sa garma ba ta shafe abin da mutanen dā suka bari a cikinsa ba.

Manyan kufan dajin biyu ne, Ambresbury Banks da Loughton Camp, duka na zamanin ƙarfe, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa. Kowanne fili ne mai kamar hekta 4, kewaye da ganuwar ƙasa da gwalalo, kuma akwai ruwa a cikinsa. Gwalalon Ambresbury ya kai zurfin kusan mita 3 tun asali, amma zaizaya da ruɓaɓɓen ganye sun cike yawancinsa. Ƙungiyar masu bincike ta Essex Field Club ta fara haƙa a wurin a 1881 tare da Janar Pitt Rivers, masanin tonon kayan tarihi. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, tsingaro ne da ɓarɓashin dutsen ƙyastu. Saboda haka masana suka fi karkata ga cewa mafaka ce ta mutane da dabbobi lokacin tashin hankali, ba mazauni na dindindin ba. Labarin cewa a Ambresbury aka ci Sarauniya Boudica da yaƙi, wadda ta yi wa Romawa tawaye, ba shi da hujja.

Daga baya dajin ya zama hurumin farautar sarakuna. A 1543 Sarki Henry na 8 ya sa aka gina benen katako mai hawa uku a Chingford don kallon farautar barewa, yana nan har yau.

Itatuwan ma kayan tarihi ne. A dā talakawan Loughton, wani gari a bakin dajin, suna da haƙƙin saran rassa don girki daga 11 ga Nuwamba zuwa 23 ga Afrilu. Akan datse itacen a sama da tsayin mutum, inda shanu da barewa ba za su kai ga sabon toho ba, bayan wasu shekaru a dawo a sake. Gindin sai ya yi kauri, kansa ya dunƙule kamar naushi.

Dokar 1878 ta hana masu ƙasa killace dajin, ta danƙa shi ga hukumar birnin Landan, amma da ita saran ya tsaya. Rassan da aka bari sama da shekara 100 suka zama manyan itatuwa a kan gindi ɗaya, nauyi ya sa wasu ke tsagewa idan iska ta taso, inuwarsu kuma ta kashe ciyayin ƙasa. Datse irin wannan itace farat ɗaya yakan kashe shi, don haka ma'aikatan dajin ke rage rassan kaɗan-kaɗan, da tazarar shekaru tsakanin sara da sara.