Sikatin da katakon bakin ƙofa

Sikatin siririn katako ne, ko tayil, ko roba, da ake jerawa a gindin bango daga cikin ɗaki, daidai inda bango ya haɗu da ƙasa. Tsayinsa yakan kama daga santimita 7 zuwa 15, amma an fi sabawa da mai santimita 10, wato inci 4. Yana kare fenti daga tsintsiya da ruwan wanke ɗaki da ƙafar kujera, yana kuma rufe 'yar kafar da mai tayil ya bari. Abokin tafiyarsa shi ne katakon bakin ƙofa, wanda ke zagaye firam ta gefe biyu da sama domin ɓoye mahaɗar firam da filasta.

A Sakkwato yanayi ne ke zaɓa wa mutum kayan aiki. Zafin bazara yana wuce digiri 40, hunturu yana tsotse danshin katako, damina kuma ta kumbura shi. Galibin katakon da ake sayarwa daga kudancin Nijeriya ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Wanda ya kafa shi a haka zai ga mahaɗa ta buɗe baki kafin hunturu ya wuce. Ya kamata a shimfiɗe shi a cikin ɗakin, a inuwa, ya yi ko da mako biyu. Loko da maɗaci suna jure wa gara, farin katako mai laushi kuwa sai an shafe shi da magani gaba da baya. MDF, wato allon garin katako da aka danne da gam, yana da arha da santsi, amma da zarar ya sha ruwa ya lalace, don haka bai dace da ɗakin da ake wankewa kullum ba. Wannan ne ya sa masu gida da yawa suke barin mai tayil ya yanka sikatin daga tayil ɗin ƙasa, kuma suna da gaskiya.

Mai koyo ya fara da ƙofa, domin sikatin a jikin katakon ƙofa yake tsayawa, shi ya sa ake son na ƙofar ya ɗan fi kauri. Ana ja da shi baya kamar milimita 5 daga bakin firam saboda kada ya tokare hinji, sannan a yanka kusurwoyin sama a kan digiri 45. Ƙofofin ƙarfe na zamani da yawa suna zuwa da nasu, ba sai an ƙara ba.

Wahalar aikin tana kusurwa. Da wuya a samu bangon bulo da ya tashi digiri 90 cif, musamman inda magini ya cika filasta a lungu. A kusurwar waje ana yanka kowane ɓangare a kan 45, a gwada da guntaye tukuna, a rage kaɗan-kaɗan har su haɗu. A ta ciki kuwa kafintoci sun fi son a kai ɗaya har bango, a fere bakin ɗayan ya hau siffarsa, saboda ko katakon ya tsuke haɗin ba ya nuna rata.

Ƙusa ta yau da kullum ba ta shiga siminti. Ana huda bango da dirila a sa fisha, wato 'yar robar da ke riƙe sukuru a cikin rami, da sukuru kowane santimita 40 zuwa 60, ko a yi amfani da gam mai ƙarfi idan bangon ya miƙe kuma an share ƙura. Kada a huda a ƙarƙashin soket, domin bututun waya yana iya bi ta nan. A sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda ɓarnar yanka. Bayan an kafa, a cike ramukan sukuru da siririyar kafar sama, a goge da samfefa, sannan a yi fenti ranar da iska ba ta ɗauke da ƙura.