Kafin ku dasa itatuwa a filin gari, ku nemi takarda

Da damina ta kankama, ƙungiyoyin matasa a Daura, Mai'adua, Zango da Sandamu kan fita dashen darbejiya da bagaruwa domin tare iska da kwararowar hamada. Aiki ne na lada. Sai dai galibi izinin baki ake samu daga mai unguwa ko dagaci, kuma a idon doka wannan bai isa ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Filayen da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da su. Sauran kuwa, na ƙauyuka, suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya ba ta ikon bai wa mutum ko ƙungiya haƙƙin zama na gargajiya domin noma da sauran bukatu, har hekta 500 ga noma, 5,000 ga kiwo. Abin da ya haura haka sai gwamna ya amince. Ku lura, dokar ta ambaci ƙungiya, don haka ana iya rubuta filin da sunan ƙungiyarku.

Amfanin takardar yakan fito ne bayan shekaru, lokacin da itatuwa suka yi inuwa, fili ya yi daraja, wani ya taso ya ce gonar kakansa ce. Ko kuma gwamnati ta karɓi wurin domin hanya ko makaranta, wanda sashe na 28 ya halatta mata. A nan sashe na 29 ya tanadi diyya kan abin da aka raya ƙasar da shi, kuma dokar ta lissafa itatuwan da aka dasa, shinge da rijiya a ciki. Wanda ya yi shekara uku yana jan ruwa a jarka da rani, yana kare dashe da ƙaya don kada awaki su cinye, bai kamata ya tashi a tutar babu ba.

Ba ina cewa a tsallake sarakuna ba ne. Su suka san iyakar kowace gona, su suka san inda burtali ya bi, kuma dashe a kan burtali fitina ce da makiyaya. A fara da su, a sa shaidu su sa hannu, a auna filin, sannan a kai buƙatar sashen filaye na ƙaramar hukuma tun kafin a haƙa rami na farko.